Abin da Na Gaya wa Labbo a Bakin Ruwa

Ranar sunan ɗiyar Nasiru ina zaune a zaure, ana ta shigo da kwanukan waina, sai na ji da kunnena ɗan cikina ya ɗaga murya yana cewa, "Ku matsa wa Baffa Na-Gefe, kun san shi ba ya son tsakiya." Zaure ya kwashe da dariya. Baffanku Labbo ma ya taya su, ya ja ƙafafunsa ya koma jikin bango ya ci gaba da cin wainarsa, ko a jikinsa. Na so in daka maka tsawa, Nasiru, har na buɗe baki, sai na tuna ba ni da bakin yi maka faɗa. Sunan nan da kake tsokanarsa da shi, ba kai ka jawo masa ba, ba kuma zaunannun tashar Yelwa ba, ko da yake a bakinsu aka fara jinsa. Ni na jawo masa shi.

Saboda haka ku zauna ku karanta wannan babin da kyau, kai da Bello da Asma'u, kada ku tsallake shi don ba shi da hotuna. Abin da kuka sani shi ne Baffanku ya taɓa zuwa Turai gasar gudu ta ƙasashen duniya, aka sa shi tseren mita ɗari huɗu na cikin ɗaki, ya tafka wauta ya zo na ƙarshe. Kun kuma taso kun tarar ana kiran ubanku Koci, wato mai horar da 'yan wasa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa usur a filayen makarantun Yauri, kowa na cewa da shi aka tura da ba a ji kunya ba. Zuwan Labbo Turai gaskiya ne, zuwansa na ƙarshe ma gaskiya ne. Sauran kuwa ni na bar shi ya yaɗu, don yana yi mani daɗi. Ni mutum ne mai ƙyashi. Na gaji da ɓoye shi, ga furfura ta cinye mani kai. Kuma duk duniya ba wanda na yi wa ƙyashi kamar ƙanena Labbo, uwa ɗaya uba ɗaya.

A Warra aka haife mu, a bakin tafki, shekara uku ce tsakanina da shi. Kakanku, Baba, masunci ne, mai ƙarancin magana da saurin hannu. A kan ruwa doka guda ya fi tsanantawa: ba a gitta gaban jirgin wani, ba a ƙetare inda wani ya shimfiɗa tarunsa, ko da kuwa kifi na ta tsalle a can kamar ya faɗo maka cikin jirgi. Wata rana Labbo, yana ɗan shekara goma sha, ya ga hanya ta fi kusa, ya yanke ta gaban kwalekwalen wani dattijo. Baba bai tanka ba sai da muka fito gaɓa, sannan ya ɗauki filafilin tuƙa jirgi ya shimfiɗa masa a gadon baya.

"In ka ga mutum bisa hanyarshi, bi taka," in ji Baba. "Ko ta fi nisa."

Labbo bai ƙara ba. Shi haka Allah ya yi shi, sau ɗaya babba zai gaya masa magana ta zauna daram. Ni ne mai gardamar gidan, ni ne kuma na fara gudu. In ruwan tafki ya ja baya ya bar fili, nan nake fita da sassafe in yi ta zabga gudu kamar wanda aka biyo. Inna ta ce ba ta yarda in riƙa fita ni kaɗai ba, shi ya sa Labbo ya fara bina. Ni ina bin inda ƙasa ta yi tauri, shi yana bin gefen ruwa inda yashi ke cin ƙafa, don ba ya shiga gabana, ba ya kuma taka sawuna. Shekara da shekaru yana fama da yashi mai laushi a gefena, bai taɓa wuce ni ba, ni kuma ina ta hura hanci wai na fi shi. Ashe ƙafafu nake gina masa ban sani ba.

Ku da ba ku taɓa gudun da ya wuce na kama mota ba, bari in gaya muku, mita ɗari huɗu tseren mugunta ne. Ya fi ƙarfin a kwasa da numfashi ɗaya, bai kuma kai a tsaya lallaɓawa ba. In ka shigo miƙen ƙarshe ƙafafunka sai su zama kamar na aro. A filin waje zagaye ɗaya ne, kowa da layinsa tun daga tashi har ƙarshe, ka taka na wani an kore ka. A nan na yi suna. Daga makarantar horon malamai na wakilci jiha, daga jiha aka kira ni sansanin horo na ƙasa a Legas, don ana shirin kai mu gasar cikin ɗaki. Kocinmu wani ɗan kudu ne mai sanƙo da ya yi karatu a waje. Da yake ba mu da irin wannan fili a ƙasar nan, sai ya sa aka kawo farar ƙasa ya zana mana shi a kan ciyawa. Ya ce na cikin ɗaki rabin na waje ne, don haka zagaye biyu ake yi, kwanoninsa kuma, wato inda hanyar ke lanƙwasawa, a karkace suke kamar gefen akushi. Sannan ya tsaya a kan wani layi da ya ja a ƙarshen kwana ta biyu, ya buga ƙafa ya ce duk tseren a nan yake. Daga tashi zuwa nan kowa na cikin layinsa. Da ka ƙetare wannan layin, doka ta sake ka, sai kowa ya yanko ciki a yi rububin layin farko, don shi ya fi gajarta. Wanda ya riga kama shi kafin a kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, da wuya a ƙwace masa. Mako uku muna wannan yankan safe da yamma, har na iya shi ido rufe. Saura kwana kaɗan a tashi, jijiyar bayan cinyata ta tsinke a wajen horo. Aka tafi aka bar ni, na dawo Yelwa ina ɗingishi. Ina jinya a tsakar gida na ɗauki tsinke na zana wa mahaifiyarku Hajara filin nan a ƙasa, na nuna mata inda da zan yanke su, tana tankaɗe tana ce mani, "Allah ya kai mu baɗi."

Baɗin ta zo, ta zo wa wani. A gwajin zaɓen 'yan wasa da aka yi a Kaduna aka haɗa ni tsere ɗaya da Labbo, yana sanye da tsohon takalmina mai ƙusa da na ba shi da hannuna. A fili kowa da layinsa, saboda haka wuce ni bai zama gitta gabana ba. Wallahi ban ga lokacin da ya wuce ba, ƙeyarsa kawai na gani tana nisa. Ya zo na biyu, ni ko cikin huɗun farko babu ni. Ina durƙushe ina haki ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Yaya, ƙafar ce ba ta gama warkewa ba," ya ce.

Ƙafa ta warke sarai, ni na sani. Da ya yi mani dariya ma da ya fi mani sauƙi da wannan tausayin.

Da muka koma Warra na ga abin da ban taɓa gani ba. Baba, wanda tun da na fara bai taɓa kiran abin da nake yi da wani suna ba sai gudun banza, ya zaunar da Labbo ya sa shi ya ba shi labarin tseren har sau biyu. Inna tana juya kifi a kan banda, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce:

"Ikon Allah. Ashe ƙaramin ne anka ba ƙafa."

Ba da mugunta ta faɗa ba, Allah ya jiƙanta, amma maganar nan ta zauna mani a ƙirji kamar ƙayar kifi. A Yelwa kuma, garin da na yi suna, garin da nake koyarwa, sai na ji masu shayi sun fara ce mani Yayan Labbo. Ni! Ni da na koya masa yadda ake ɗaure igiyar takalmi.

Ana haka, sanyi ya fara wucewa, sai ga saƙo daga ofishin wasanni. Wanda aka zaɓa ya yi mita ɗari huɗu a gasar cikin ɗaki ta wannan shekarar ba zai samu zuwa ba, Labbo zai maye gurbinsa, ya iso Legas cikin kwana huɗu. Ba sansani, ba horo, daga mota sai jirgin sama. Kuma kowa a harkar ya san masu neman 'yan wasa daga jami'o'in ƙasashen waje na zuwa irin wannan gasa, wanda duk ya kai tseren ƙarshe na gasar da wuya ya dawo bai samu gurbin karatu ba. Abin da na kwana na tashi da shi shekara biyar ke nan, ga shi ya faɗo a cinyar wanda bai ma san ana nemansa ba. Gidanmu na Warra ya cika. Sarkin ruwa da kansa ya zo ya sa albarka. Hajara, matata ta kaina, ta wuni tana yi masa dambun kifi na guzuri, wai an ce abincin Turawa ba ya riƙe ciki. Ina zaune ina kallon kowa, ina amsa barka da baki kawai.

Da safen ranar da zai tafi ya ce in raka shi bakin ruwa. Muka tsaya inda muka saba gudu. Ya daɗe yana wasa da yashi da ɗan yatsan ƙafa kafin ya yi magana.

"Yaya, tsoro nike ji. An ce cikin ɗaki a kai shi, ni ko ban taɓa ganin irin filin ba. Kai ka yi sansani bara. Mi anka koya muku?"

Allah shi ne shaidata, amsar gaskiya tana kan harshena. Har na duba ƙasa ina neman tsinken da zan zana masa. Sai wasu mata da ke wanki a gaɓa suka hango mu, ɗaya ta ɗaga murya:

"Labbo, in ka zama Bature kada ka manta da mu! Malam, kai za ka riƙa mashi jaka zuwa tasha?"

Suka bushe da dariya. Wasa ne irin na mata a bakin ruwa, ba komai a cikinsa. Amma ƙyashi ya taso ya rufe mani ido. Na fasa neman tsinken.

"Ba wani abu ba ne," na ce masa. "Fili ne ƙarami, zagaye biyu za ka yi. Abu guda zan gaya maka, ka riƙe shi da kyau: kada ka bar layinka. Turawa ba su da wasa, ka taka layi sun kore ka. Za ka ga wasu sun yanko ciki don wayo. Ƙyale su, su za a kora."

"Ko da sun wuce ni?"

"Ko da sun wuce ka. Kai dai bi taka."

Ku duba kalmar da na zaɓa. Na san wace magana ce ke zaune a gadon bayansa tun yana yaro, ita na ɗauko na ɗaure shi da ita. Ba kuskure ba ne, ba mantuwa ba ce. Ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya bar zumunci. Kuma ni na riƙe masa jakar har tasha.

Duk Yelwa a lokacin mutum ɗaya ke da farantin tauraron ɗan'adam, wani dillalin kifi da ake kira Alhaji Maibanda, faranti kamar rufin rumbu a tsakar gidansa. Ranar tseren, bayan La'asar, ya sa aka fito da talabijin ƙofar gida aka tayar da janareta. Unguwa ta taru, har da waɗanda ba su san mita daga mil ba. Baba ya zo daga Warra tun da hantsi, aka ba shi kujera a gaba, ya zauna ya ɗora hannuwa bisa gwiwa. Mata na leƙe ta zaure. Ni aka ce in tsaya kusa da akwatin talabijin in riƙa fassara, ai ni ne masani. Aka yi ta nuna masu tsalle da masu jifa, can sai ga fili ya bayyana, ja, a karkace, daidai yadda mai sanƙo ya zana mana. Su shida suka fito, tseren share fage ne. Ga Labbo a layin waje, can sama, cikin riga kore da fari, yana ta kallon rufin ɗakin. Wani ya yi kabbara. Na ji Baba ya ce a hankali, "Ga shi nan."

Bindiga ta tashi. Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya ci kwana kamar yadda Labbo ya ci kwanonin nan biyu ba. Filin da bai taɓa takawa ba, amma ya hau gangaren nan kamar a kansa aka haife shi. Ko da suka iso layin da ake yankewa, yana gaba da kowa, rata bayyananniya, ba mai ja. Taku biyar kawai zai gangaro ya kama layin ciki, shi ke nan, sai dai su bi ƙeyarsa. Sauran biyar ɗin suka zubo ciki gaba ɗaya suna gugar kafaɗa. Labbo ya miƙe abinsa a layin waje, shi kaɗai. Aka kaɗa ƙararrawa yana gaba. Ƙofar gidan Alhaji ta kaure da ihu, "Ya ba su rata! Ya gama da su!" Duk taron nan ni kaɗai na san an riga an gama da shi. A kwana ta uku, yana can sama yana zagaya doguwar hanya, suka bi ta ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ihu ya fara mutuwa. Da suka fito miƙe, ɗan banzan yaron nan ya sake kamo biyu daga cikinsu, wallahi ya kamo su, har na ji bakina na cewa "Shigo ciki!" ba da izinina ba. Kwana ta huɗu ta ƙarasa shi. Ya shigo na ƙarshe, ba da nisa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Sauran suka zube suna haki, shi kuwa ya tsaya ƙyam, hannu a ƙugu, yana kallon alƙalan tseren ɗaya bayan ɗaya. Jira yake a ɗaga jar tuta a kori mutum biyar. Na'urar ɗaukar hoto ta tsaya a kan fuskarsa, yana jira, yana jira, har wani ma'aikaci ya zo ya dafa shi ya nuna masa ƙofa. Bature mai sharhi yana magana yana ƙunshe dariya, aka maimaita wurin har sau uku. Kuna so ku san abin da na ji? Daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko mani a ƙirji, irin wanda rabona da shi tun Kaduna. Bai wuce numfashi uku ba, amma na ji shi, ba kuma zan ce ban ji ba. Sai Baba ya juyo daga kujerarsa.

"Kai ba ka gaya mashi yadda a kai ba?"

"Na gaya mashi abin da na sani, Baba."

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya tashi ya nemi takalmansa.

Da na koma gida Hajara na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga tseren ta zauren Alhaji. Ba ta yi mani sannu da zuwa ba.

"Malam, wurin nan da sunka yanko, ba shi ne ka zana mani nan da tsinke ba?"

Na ce ta kawo mani ruwa. Ta kawo, ta ajiye, ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma daga ranar, in ana hira a gidana aka ce da ni aka tura da an ga aiki, sai ta tashi ta shige ɗaki. Shekara ashirin da wani abu muna tare bayan nan, ta yi mani duk abin da mace ke yi wa miji, sai dai ba ta ƙara ce mani in ba ta labarin gudu ba. Kun sha tambayata dalilin da ya sa duk Sallah mahaifiyarku ke fara aika wa Baffanku tuwo kafin ta zuba nawa. To ga shi kun ji.

Labbo ya dawo bayan mako guda. Kafin ya sauka daga mota zaunannun tasha sun riga sun yi masa suna. Bai wuce zuwa Warra ba sai da ya biyo ta gidana, ya tsuguna a gabana kamar mai laifi. Na shirya wa zagi, na shirya wa duka ma. Ya ce wani jami'i ya yi masa bayanin yankewar da safen ranar, a gurguje, ya gyaɗa masa kai kawai, don ya dubi tumbin mutumin ya ga bai taɓa gudu ba, Yayansa kuwa ya yi sansani.

"Ashe sun sake doka bayan sansaninku, Yaya. Kai ma ba ka da labari. Ka yi haƙuri, na ba ka kunya."

Shi da kansa ya ƙera mani mafita ya miƙo mani. Ni kuma na karɓa.

"Haka nan ne," na ce. "Turawa kullum cikin sake-sake suke."

Ba a ƙara kiransa ko'ina ba. Ya rataye takalman, ya karɓi jirgin Baba, ya shiga ruwa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na ce masa ba, don kada a ga laifina. Shekara talatin yana amsa sunan nan yana dariya, ni ina amsa Koci. Kada ku zaci ƙyashin ya mutu da ya faɗi. Ina! Sai dai ya sauya kama. Na koma ina ƙyashin yadda yake barci lafiya, da yadda mutane ke son zama kusa da shi, da yadda ku kanku kuke rige-rigen zuwa Warra hutu ku bar ni da usur ɗina.

Kwana uku bayan sunan ɗiyar Nasiru na hau mota na tafi Warra. Na same shi da hantsi a gindin mangwaron ƙofar gidansa, ya baza taru a cinya yana ɗinke inda ya yage. Ya yunƙura zai tashi ya ba ni tabarma, na ce ya zauna. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, don na san in na tsaya zan fasa.

"Labbo, ba a sake doka ba. Yadda ka gani a can, haka anka koya muna a sansani, mako uku. Na sani sarai ranar da ka tambaye ni. Da gangan na gaya maka ka tsaya layinka."

Hannunsa bai tsaya ba. Ya ƙulla ƙulli ɗaya, ya ƙulla na biyu, ya ciji zaren ya tofar. Na ce ya zage ni, ya tara mutane ya faɗa musu, duk abin da ya ga dama. Ya ci gaba da ɗinkinsa. Da ya ɗago, bai tambaye ni don me ba. Ina jin wannan ya daɗe da sanin amsarsa, ko bai san ya sani ba.

"Yaya, kai ka ga tseren, kai ka san gudu. Ni ban taɓa yarda na kalle shi ba. Gaya mani tsakaninka da Allah. Da na shiga ciki, da na ci?"

Na zo da shirin neman gafara, ban zo da shirin wannan ba. Kuma ku ji halin ubanku: a wannan lokacin ma, da tsufana, da laifina a hannu, sai da na so in hana shi wannan gaskiyar. Sai da na tura maganar da ƙarfi ta fito.

"Da ka ci. Ba wanda zai kamo ka cikinsu. Da ka kai tseren ƙarshe, kuma ban ga mai tsayar da kai a can ba. Ka fi ni gudu, Labbo. Ban taɓa kusa da kai ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce shi duk shekarun nan yana lallashin kansa da cewa ko ya shiga ciki ba zai iya da su ba, da haka yake samun barci. Sai na ga ruwa na ɗiga a kan tarun, bai share ba, bai kuma ɓoye fuska ba. Na ce ya yafe mani. Ya ce rana ta yi, in tashi kada motar Yelwa ta cika ta bar ni.

Tun da nake zuwa Warra, Labbo bai taɓa barina na tafi tasha ni kaɗai ba. Na tashi na kama hanya a hankali, ina jan ƙafa, har na kai kwanar masallaci ina sauraron takunsa a bayana. Ban ji ba. Yau wata huɗu ke nan bai tako Yelwa ba.